Kafin ka goge Windows ka ɗora Linux, fara leƙa BIOS ɗinka

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, shawara ɗaya ce take ta yawo a TikTok da X da zaurukan WhatsApp na ɗalibai: goge ta kawai, ka sa Linux. Bidiyo ne na minti ɗaya. A nuna maka filash, a danna maɓalli uku, sai ga laftof ta farka da sabuwar fuska tana ƙyalli, mai bidiyon yana murmushi kamar ya raba gardama.

Ba ƙarya suke yi ba, ni ma Linux nake amfani da ita yanzu. Amma akwai matakin da kusan dukkansu suke tsallakewa, kuma shi ne ya ci mini kwana biyu da datar da na tanada ta wata guda. Zan zo kan labarin. Bari mu fara da dalilin da ya sa maganar ta shafe ka.

Windows 10 ta fito ne a Yulin 2015, ta yi shekara 10 tana samun gyaran tsaro kyauta. Yanzu an rufe wannan ƙofar. Akwai ƙarin wa'adi da Microsoft ya bayar zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga wanda ya yi rajista, ko dai ya biya dala 30, ko ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya ajiye saitunansa a can. Shekara ɗaya ce tak. Bayan nan sai Windows 11, ita kuma tana da sharuɗɗa: tana son guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma son ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD, in ka cire wasu 'yan tsiraru da aka yi wa sassauci.

To, yanzu ka juya laftof ɗinka ka duba. Mu ɗalibai nawa ne muke riƙe da sabuwa fil a kwali? Yawancinmu ta hannu muka saya, irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka gama mora suka sallamar, suka biyo jirgi zuwa Computer Village a Ikeja, daga nan suka bazu har Farm Centre a Kano da Banex a Abuja. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, Lenovo ThinkPad T460, duk zubi na 6 ne, na wajajen 2016. Injina ne masu ƙwari, suna buɗe Word, suna yanka sauti, suna ɗaukar aji ta Zoom ba gardama. Amma Windows 11 ta ce ba ta san da zamansu ba. Abin dariya ma, ranar da aka daina tallafa wa Windows 10 ta zo daidai da ranar da ake warewa kowace shekara domin yaƙi da sharar kayan lantarki a duniya.

Shi ya sa komawa Linux ta yi ma'ana. Linux Mint 22, misali, za ta ci gaba da samun gyara har 2029, ba a biyan ko sisi, kuma tana tafiya sumul a kan waɗannan injinan. Abin da bidiyon bai gaya maka ba shi ne, laftof ɗinka manhaja biyu take ɗauke da su, kuma ɗaya ce kawai kake canzawa.

Ta saman ita ce wadda kake gani, Windows ko Linux, tana zaune a faifan ajiya. Ta ƙasan kuwa tana cikin wani ɗan guntu da aka manna a jikin babban allon kwamfutar. Mu kira ta manhajar tushe. Masu gyara suna ce mata BIOS, kodayake a injinan zamani ainihin sunanta UEFI. Ita ce ke fara farkawa da zarar ka danna maɓallin kunnawa, tun kafin tambarin kamfani ya ɓace daga fuskar allo. Ita ke duba ko ma'ajiyar wucin gadi na nan lafiya, ta tada faifan ajiya, sannan ta miƙa ragama ga babbar manhaja. Ita da 'yan uwanta ƙanana ne ke kula da yadda batir ke caji, lokacin da fanka za ta tashi, da yadda laftof ke yin barci idan ka rufe murfi. Ka goge faifanka sau goma, wannan guntun bai san ana yi ba. Kamar ka sauya 'yan haya ne a gida, amma wayoyin wutar da ke cikin bango suna nan yadda magini ya bar su.

Ita ma wannan manhajar tushen tana da kurakurai, kuma kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ne kaɗai ke fitar da gyaranta. Ba Microsoft ba, ba masu Linux ba. A nan gizo ke saƙar: kamfanoni da yawa suna fitar da gyaran ne a fayil mai ƙarewa da .exe, wanda aka yi domin Windows. Ka goge Windows, ka jefar da makullin da hannunka.

Ga labarina. A zangon karatun da ya wuce na ɗora Linux a kan tawa, cikin dare, ina jin kaina wani gwani. Komai ya yi aiki, har Wi-Fi. Sai dai duk lokacin da na rufe murfin na sa ta a jaka, in na buɗe sai in tarar da allo baƙi ƙirin, ta yi zafi kamar an ɗora ta a garwashi, batir ya zube. Ranar da za mu gabatar da aikin rediyo a aji haka ta yi mini, na tsaya a gaban malami ina danna maɓalli kamar mai kiran aljani. Da na bincika, ashe BIOS ɗin da ke ciki tun na shekarar da aka ƙera ta ne, wanda ya riƙe ta kafin ni bai taɓa sabunta shi ba, kuma kamfanin ya daɗe da fitar da sababbi har da gyaran matsalar barci. Fayil ɗin kuwa na Windows ne. Dole na sake sauke Windows, abin da ya haura gigabait 5, na ɗora ta, na yi aikin minti biyar, na sake gogewa, na sake ɗora Linux. Da na san haka tun farko, minti biyar ɗin nan kaɗai zan kashe.

Kada ka ɗauka matsalar ta tsaya kan barci da zafi. A wajajen ƙarshen 2019 da farkon 2020, Lenovo ya sanar da cewa wani kuskure a manhajar da ke kula da ƙofar Thunderbolt a ThinkPad da dama, ciki har da T470 da T480 da wasu X1 Carbon, yana iya lalata aikin ƙofar USB-C sannu a hankali, ya kuma fitar da gyara. T480 ta wannan nau'in ƙofa take shan caji. Ka yi tunanin wanda ya sayi irinta a kasuwa, ba a taɓa yi mata gyaran ba, ya goge Windows ya ci gaba da harkarsa. Haka kuma a Disambar 2023 masu bincike na kamfanin Binarly suka bayyana wani rauni da suka kira LogoFAIL, inda ake iya cusa mugun abu ta hoton tambarin nan da ke fitowa yayin kunna kwamfuta. Irin wannan ba manhajar kashe ƙwayar cuta ke maganinsa ba, domin yana shiga ne tun kafin ita kanta ta farka. Maganinsa sabon BIOS.

Domin adalci, Linux ba ta zauna hannu rabbana ba. Tun 2015 wani injiniyan kamfanin Red Hat, Richard Hughes, ya fara wani tsari mai suna LVFS tare da manhajar fwupd. Kamfanonin ƙera kwamfuta suna ɗora gyare-gyarensu a can, Linux kuma ta sauko maka da su kai tsaye. Dell da Lenovo sun rungumi tsarin sosai, musamman a injinan ofis irin su Latitude da ThinkPad, HP ma yana da wasu a ciki. Idan taka tana cikin jerin, aikin bai wuce ka rubuta fwupdmgr refresh, sannan fwupdmgr get-updates, sannan fwupdmgr update ba. A Ubuntu ma akwai 'yar manhaja mai maɓalli da ke yin wannan ba sai ka rubuta komai ba. Amma kalmar "idan" ɗin nan tana da nauyi. Injinan da aka yi domin gida, masu araha, da waɗanda suka kwana biyu sosai, da yawa ba sa ciki. Shafin fwupd.org yana da jerin na'urorin, kuma dubawar ba ta cin data. Ka duba kafin ka goge, ba bayan ka goge ba.

Akwai kuma wani tarko da ya fi kama mu a nan gida. Wannan hanyar tana aiki ne idan an ɗora babbar manhajar a tsarin UEFI. Masu ɗora manhaja a shaguna da yawa sun saba juya saitin zuwa tsohon tsari, wanda za ka ga an rubuta Legacy ko CSM, don shi ne filash ɗinsu ya saba da shi kuma ba ya ba su ciwon kai. Idan a haka aka ɗora maka Linux, fwupd ba za ta iya taɓa BIOS ba ko da injinka yana cikin jerin. Don haka in wani ne zai ɗora maka, ka ce masa, "Oga, don Allah a UEFI nake so." Zai iya kallonka sama da ƙasa, amma kuɗinka ne.

Wasu injinan ba sa buƙatar Windows ko Linux kwata-kwata. A Dell da yawa, idan ka sa fayil ɗin a filash, ka danna F12 yayin kunnawa, za ka ga zaɓin sabunta BIOS a nan take. Lenovo yana bayar da wani fayil na daban ga ThinkPad da ake ɗorawa a filash a tada injin da shi. Da tawa tana da irin wannan da ban sha wahala ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa na ce maganar ta yau ce, ba ta gobe ba. Akwai wani mai gadi a cikin UEFI da ake kira Secure Boot. Aikinsa shi ne ya hana duk wata manhajar da ba ta da sa hannun da ya amince da shi tada kwamfutar. Takardun shaidar da yake dogara da su na Microsoft ne, an yi su tun 2011, kuma watan Yunin 2026 aka sa a matsayin lokacin da wa'adinsu ke fara ƙarewa. Kana iya cewa, ni da zan koma Linux, ina ruwana da takardun Microsoft? Da ruwanka kuwa. Ubuntu da Fedora da Mint duk suna shiga ta wannan ƙofa ne da wata 'yar manhaja mai suna shim, wadda Microsoft ke sa wa hannu. An fitar da sababbin takardu masu ɗauke da shekarar 2023, amma sai sun shiga cikin manhajar tushen injinka kafin su yi amfani, kuma wani ɓangare na wannan aikin yana buƙatar sa hannun kamfanin da ya ƙera laftof ɗin.

Kada wani ya tsorata ka da cewa ƙarewar wa'adin nan za ta kashe kwamfutarka. Abin da ke tashi yau zai ci gaba da tashi. Inda za a ji jiki shi ne nan gaba, ranar da ka sauke sabuwar Linux da aka sa wa hannu da sabuwar takarda kawai, injinka kuma bai san ta ba, sai ya ƙi buɗe ƙofa. Mafita mafi sauƙi a lokacin ita ce kashe Secure Boot gaba ɗaya, kuma na san haka yawancinmu za mu yi. Laftof za ta tashi, amma an sallami mai gadi. An taɓa ɗanɗana irin wannan rikici a Agustan 2024, lokacin da wani gyaran tsaro na Windows ya hana Linux tashi a kwamfutocin mutane da dama da suka ajiye manhajojin biyu a inji ɗaya.

A nan ne nake ganin rashin adalcin yake. Microsoft ya ce injinka ya tsufa. Masu Linux suka ce kawo shi, mu za mu riƙe. Amma kamfanin da ya ƙera shi, wanda shi kaɗai ke da ikon taɓa tushen, yakan daina fitar da gyara bayan wasu shekaru, kuma laftof ɗin da ta iso hannun ɗalibi a Kano ko Zariya ta riga ta cinye yawancin waɗannan shekarun a wani ofis a ƙasar waje. Linux tana iya ɗauke wani ɓangare na nauyin, misali tana loda gyaran ƙwaƙwalwar Intel da AMD da kanta duk lokacin da ta tashi. Sauran kuwa sai abin da kamfani ya bari. Shi ya sa nake cewa ko ba komai, ka karɓi na ƙarshen da suka fitar tun yana nan a shafinsu. Shi ne rabonka.

To, ya ake yi? Tun Windows tana nan, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta msinfo32. Za ka ga lambar BIOS ɗinka da ranar da aka fitar da shi. Ka je shafin kamfanin da kansa, ka sa lambar injinka da ke manne a ƙasansa, ka kwatanta. Daga shafin kamfani kawai, don Allah. Ba daga Telegram ba, ba daga wani "ɗan uwa ya turo mini" ba. BIOS ɗin wani inji da ya yi kama da naka a suna yana iya kashe naka murus.

Sai babbar magana, wato wuta. Sabunta BIOS yana nufin ana goge abin da ke cikin guntun nan ana rubuta sabo. Idan injin ya mutu ana tsakiyar rubutu, kana iya tashi da laftof da ba ta nuna komai, fanka kawai ke juyawa. Masu rubuta bayanin a Amurka sukan ce ka jona caja, shi ke nan, domin a wurinsu jona caja ya gama magana. Mu kuwa mun san wuta ba ta sallama in za ta tafi, kuma rabin laftof ɗin da ke ɗakunan kwanan ɗalibai batir ɗinsu ya zama ado, ana zare caja suke ɗaukewa. Yawancin manhajojin sabuntawa suna ƙin farawa in batir ya yi ƙasa sosai ko ba a jona caja ba. Za ka ga bidiyon da ke koya maka yadda ake tilasta musu su tsallake wannan shingen. Kar ka yi, wallahi. In batir ɗinka ya mutu, nemi inda ke da sola ko inbata mai ƙarfi, ko ka fara sayen batir. Janareton da ke tari ma ban yarda da shi ba. Da an fara kuma, allo zai iya yin duhu, injin ya kashe kansa ya kunna sau biyu ko uku. Cire hannunka, je ka sha ruwa.

In ƙaddara ta faɗa, ba lallai ne a ce an yi asara ba. HP da yawa suna da hanyar farfaɗowa ta riƙe maɓallin Windows da B yayin kunnawa, Dell kuma Ctrl da Esc. In wannan bai yi ba, akwai masu gyaran allo da ke da 'yar na'urar da ake maƙala wa guntun a sake rubuta shi daga waje. Amma kuɗi ne, kuma mako ne ba ka da kwamfuta, wataƙila a tsakiyar rubuta furojet.

Abu biyu kuma kafin ka danna. Idan faifanka a kulle yake da BitLocker, canjin BIOS yana iya sa Windows ta nemi makullin ceto mai lamba 48. Mutane da yawa ba su ma san an kulle musu faifai ba sai ranar da shuɗin allon nan ya tare su. Ka dakatar da BitLocker kafin ka fara, ka kuma nemo makullin a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda. Kwafe hotunanka da takardun makaranta zuwa wani wuri ma ba sai na faɗa ba, tunda gogewa za ka yi daga baya. Na biyun, 'yar uwa ko ɗan uwa mai shirin sayen ta hannu: tun a shagon ka shiga BIOS, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Wasu injinan suna zuwa da kalmar sirrin da sashen kwamfuta na tsohon ofishinsu ya sa, mai shago ma bai san ta ba. Irin wannan tana iya hana ka sauya saiti, wani lokaci har sabuntawar. In ka ga kwaɗo a nan, ajiye ta ka ɗauki wata, komai kyan jikinta.

Wani abin da ke tsayar da mutane shi ne tsoron rasa lasisin Windows. Tun zamanin Windows 8, injinan da suka zo da Windows daga masana'anta suna ɗauke da makullin lasisin a cikin manhajar tushen kanta. Goge faifai ba ya taɓa shi. In Linux ba ta karɓe ka ba, kana iya komawa. Kuma tana iya ƙin karɓar ka ɗin, musamman mu 'yan aikin jarida: Premiere da Photoshop da CorelDraw ba sa gudu a kanta kai tsaye. Ni na koma Kdenlive da GIMP da Audacity, na saba, amma makon farko na yi ta tsaki.

Bayan ka sabunta, ka sake shiga BIOS sau ɗaya, domin wani lokaci saituna sukan koma yadda suka zo daga masana'anta. Ka tabbatar yana kan UEFI. Idan mai ɗora Ubuntu ko Mint ya ce bai ga faifanka ba, ko ya yi ƙorafi kan Intel RST, to saitin faifan ne yake kan RAID, sai ka mayar da shi AHCI. Ka sani fa, da zarar ka juya wannan, tsohuwar Windows ɗin tana iya ƙin tashi, don haka shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa, bayan ka kwashe kayanka kaf. Daga nan ka tada Linux daga filash ba tare da ka ɗora ta ba tukuna, ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara, ka rufe murfin ka ƙirga ashirin ka buɗe. In ta farka, sai ka danna maɓallin gogewa.